Hatsarin asuba a mahaɗar Ojota: yadda direban kayan gwari ya shiga gaban tirela

Hatsarin ya faru ne wata ranar Lahadi cikin damina, jim kaɗan bayan an idar da sallar asuba, a mahaɗar Ojota da ke birnin Legas. Wata bas ɗauke da kayan gwari daga kasuwar Mile 12 ta zagayo kwana za ta hau babban titin da ya taso daga Berger ya miƙe zuwa Ogudu da Oworonshoki, sai tirela mai ɗauke da kwantena ta daki ƙugunta na baya ta hagu. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Yaron mota ya karye a ƙashin kafaɗa, bas ta yi makonni a gareji, tumatir kuwa a titi ya ƙare. Ina cikin waɗanda aka kira zaman sulhu, don haka na ji ta bakin direbobin biyu, na kuma je na ga wurin da idona.

Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta lamarin shi ne, direban bas ɗin bai aikata ko ɗaya daga cikin abubuwan da muke yi wa yaranmu faɗa a kansu ba. Ba gudu yake yi ba. Ba ya shaye-shaye, wayarsa na aljihu, ya samu barci, ya kuma kunna sigina tun kafin ya fito. Duk wanda ya san shi a kasuwa zai shaide shi da natsuwa. Amma da aka baje magana a faifai, kaso mafi girma na kuskuren a wuyansa ya faɗa, kuma irin kuskuren da yawancin matasanmu masu tuƙi a Legas za su iya yi gobe da safe ne, ba tare da sun san kuskure suke yi ba.

Matashi ne ɗan shekara 26 daga wani ƙauye a Jigawa. Acaɓa ta kawo shi Legas, kuma a tsakanin Ketu da Mile 12 ya yi shekarunsa. Da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yunin 2022 abin bai taɓa shi kai tsaye ba, sai da aka faɗaɗa dokar ranar 1 ga Satumba ta haɗa da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Ketu da Ojota da Mile 12 kuwa duk a Kosofe suke. Ya sayar da babur ya koma dako a kasuwa, daga nan wani Alhaji dillalin tumatir ya ɗauke shi yaron mota, har ya koyi tuƙi, ya yi lasisi, aka damƙa masa makulli.

Duk tuƙin da ya koya a cikin cunkoso ya koye shi, kuma nan ne tushen maganar. Aikinsa na yau da kullum raba kaya ne ga masu shaguna da gidajen abinci a Ketu da Ogudu da Maryland, da rana tsaka, lokacin da mota ba ta cika wuce giya ta biyu ba. A irin wannan tuƙi shiga layi sana'a ce mai zaman kanta, kuma ya goge a kanta: ka kunna sigina, ka sako hancin mota kaɗan, ka leƙo ka haɗa ido da na bayanka, ka ɗaga masa hannu. In ya sassauta ka shige ka gode masa, in ya matse ka ƙyale shi ka gwada na bayansa. Kowa rarrafe yake yi, saboda haka mafi munin abin da zai faru shi ne a goge fenti ko a fasa fitila, a yi cacar baki a rabu. Dabarar daidai take a muhallinta, ban ga aibunta ba. Sai dai titin da ka saba rarrafe a kansa ranar Talata da azahar, ba shi za ka tarar ba ranar Lahadi da asuba. Kwaltar ce dai ɗaya. Shi kuma na ranar Talata kawai ya sani.

Ga kuma abin da acaɓa ta bar masa. Mai babur da faɗi da tsawo yake auna gurbi: in dai zan iya shiga, to na shiga. Babur na ɗaukar wuta nan take, mai shi kuma yana waiwaye yadda ya so. Bas mai lodi ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun nan.

Motar tsohuwar Hiace ce da aka cire wa kujerun baya. A ranar an loda mata kwandunan tumatir da buhunan albasa da attaruhu har rufi, domin wani gidan abinci a Obalende ya nemi kayan biki, Alhaji kuma ba ya son a yi sawu biyu. Madubin tsakiya buhu kawai yake nunawa. Gilasan gefe na baya su ma a toshe suke. Abin da ya rage masa madubin gefe biyu ne da tagogin gaba. Duk wanda ya taɓa fitar da mota daga cikin Mile 12 ya san ana naɗe madubi saboda masu baro da 'yan dako, to da ya fito bakin titi ya miƙa hannu ya buɗe na hagu, amma bai tsaya ya daidaita shi ba. Da muka duba motar a gareji, madubin ƙasa-ƙasa yake kallo, rabinsa jikin motar yake nunawa. Ana yayyafi, gilashi ya yi raɓa ta ciki, yaron mota na ta gogewa da tsumma.

Wanda ya taso daga Mile 12 ta titin Ikorodu yana neman gadar Third Mainland, a mahaɗar Ojota yake zagaya wata kwana mai lanƙwasa sosai kafin ya haɗu da babban titi. Kwanar ba ta barin ka yi gudu. Dole ka fito daga cikinta a hankali, sannan akwai ɗan gajeren fili a gefen dama da za ka ƙara wuta a cikinsa kafin ka shiga layi, kuma in filin nan ya kuɓuce maka ba ka da wani. Tun da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilun 1972, mai shigowa ta dama yake ɓullowa, wato ta gefen da ya fi nisa da idon direban da ke kan titi, tunda shi a hagu yake zaune.

Titin kuma hanyar manyan motoci ce. Bayan gobarar tankar mai a gadar Otedola ranar 28 ga Yunin 2018, wadda ta cinye motoci sama da 50, gwamnatin jihar ta umarci tankoki su riƙa bin wannan hanya ta Ogudu da Oworonshoki tsakaninsu da Apapa. Tirelolin da za su tashar jiragen ruwa ma nan suke bi. Tun 2012 kuwa dokar hanya ta jihar Legas ta hana tirela yawo a cikin birni daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare. Ko ana aiwatar da ita kullum ko ba a yi, direban da ya kwana a hanya yana sane da ita, kuma tsakanin biyar da shida hankalinsa na kan ya wuce kafin gari ya waye. Lokacin da matashin namu ya ga titi fayau ya ji daɗi, shi ne daidai lokacin da manyan motoci ke sauri.

Ga yadda abin ya gudana, bisa abin da bakin direbobin biyu da na yaron mota ya haɗu a kai. Ya zagayo kwana a giya ta biyu. A bakin fita sai ya tarar da danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, a tsaye tana ɗaukar fasinja, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Obalende, ta cinye masa filin da zai ƙara wuta. Ya taka birki har ya kusa tsayawa, ya kunna siginar hagu, ya leƙa madubi sau ɗaya. Ya ga fitilu biyu a baya, a ganinsa da nisa, kamar tsawon tirela biyu. Sai ya yi abin da ya saba. Ya sako hancin mota a hankali, ya kewaye danfo, ya shiga layin dama gaba ɗaya da tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 a awa ba, yana jiran na baya ya sassauta masa. Sai ya ji hon mai tsawo da ƙugin birkin iska.

Direban tirelar dattijo ne daga Gombe, ya haura shekara 30 a kan sitiyari, riɗi ya ɗauko za shi Apapa. Ya ce yana kan 60 ko ƙasa kaɗan. Ya hango bas ta fito daga kwana, ya ga ta rage gudu kamar za ta tsaya a bayan danfo, sai ya ɗauka shi take jira ya wuce. Da ya ga ta sako kai ya taka birki, ya karkata hagu gwargwadon abin da zai iya ba tare da kwantena ta rinjaye shi ba, amma bambarsa ta dama ta kama ƙugun bas. Bas ta juya ta daki shingen kankare, ƙofar baya ta ɓalle, kwanduna suka tarwatse. Yaron mota bai ɗaura bel ba, ya bugu da ginshiƙin ƙofa. Direba ya ɗaura, ƙujewa kawai ya samu.

Abu ɗaya da aka yi daidai a wurin, kuma na dattijon ne: kafin ya tanka wa kowa ya tura yaronsa baya da gudu da tocila da alamar nan mai kusurwa uku, domin titi ya yi santsi da tumatir ga motoci na tahowa cikin duhu. Sannan aka kira lambar gaggawa ta 112, aka ɗauki mai rauni zuwa asibiti. Jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar, suka zo suka kira janwe aka buɗe hanya.

Abin da matashin ya fara cewa, jikinsa na ɓari, shi ne: "Baba, wallahi na ba da sigina." Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Na ga siginarka, ɗana. Amma ka ga na amsa? In ka yi sallama a ƙofar gida ai sai an amsa kake shiga."

Lissafin wurin ya fi kowace shaida bayani. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 a kowane sakan. Mai tafiyar 20 ba ta cin mita 6 cikakku. Wato a kowane sakan tirelar na matso bas da mita 11. Tirela mai kwantenar ƙafa 40 tsawonta kusan mita 16 ne, don haka tsawon tirela biyun da ya gani mita 32 ne ko makamancin haka. In ka raba 32 gida 11 ba ka samu sakan uku ba. Daga ciki ka cire kusan sakan ɗaya da rabi da ɗan'adam kan ɗauka kafin ya gane abin da ke faruwa ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ka ƙara da ɗan jinkirin da birkin iska ke yi kafin ya kama. Abin da ya rage wa dattijon bai kai tsawon kwantenar da ya ɗauko ba, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, da nauyin riɗi a bayansa. Cewa ma ƙugu kawai ya kama, bai bi ta kan motar ba, aikin ƙwarewa ne da kiyayewar Allah.

Da a ce bas ɗin da gudun 50 ta shiga, matsowar ba za ta kai mita 3 a sakan ba, kuma wannan gurbi na mita 32 sai ya ɗauki sama da sakan goma kafin ya rufe. Dattijon ƙafa kawai zai ɗaga daga totur, kowa ya kama gabansa, ba wanda zai ma tuna an haɗu.

Wannan ne ya yi wa mutane wuyar karɓa a zaman sulhu. Mun taso ana ce mana sauri ya haifi nawa, kuma duk maigidan da ya miƙa wa yaro makulli da "bi a hankali" yake sallamarsa. Alhaji ya yi ta maimaitawa: "Kullum ina ce masa ya bi a hankali, ya kuma bi a hankali, to ta ina ya yi laifi?" Nasihar gaskiya ce a mafi yawan wurare, ba zan ce a daina ta ba. Amma a bakin babban titi abin da ake buƙata shi ne gudunka ya zo kusa da na waɗanda za ka shiga cikinsu. Wanda ya shiga da 20 cikin masu 60, kaɗan ya rage ya zama wanda ya ajiye mota a tsakiyar hanya. Tsoro ne ke sa sabon direba ya ƙi taka totur a wurin, kuma tsoron nan shi ke jefa shi a abin da yake gudu.

Leƙe ɗayan da ya yi ma akwai magana a kansa. Duba ɗaya nisa yake gaya maka, ba ya gaya maka gudu. Sai ka duba sau biyu ko uku ka ga yadda fitilun ke girma suna warewa kafin ka san ko mai tahowa rarrafe yake ko gudu. Ido bai iya auna gudun abin da ya nufo shi kai tsaye ba, balle da duhu, da ruwa a gilashi. Madubin gefe mai ɗan tudu kuma yana ƙanƙantar da abu, ya nuna shi da nisa fiye da inda yake. Da ya sake dubawa zai lura fitilun a sama suke kuma tsakaninsu da faɗi, alamar babbar mota ke nan, ita kuwa ba a shiga gabanta da gurbin da za a shiga gaban ƙaramar mota.

Sai kuma saƙo biyu da ya aika a lokaci guda. Siginarsa na cewa zan shigo, birkinsa na cewa na tsaya ka wuce. Direban da ke tahowa ya fi gaskata abin da mota take yi a kan abin da fitila take faɗa, musamman a garin da za ka ga mota ta yi tafiyar kilomita da sigina a kunne an manta da ita. A cunkoso wannan ruɗani ido da hannu ke warware shi. A gudun 60 cikin duhu babu damar haɗa ido.

To me ya kamata ya yi? Tun yana tsakiyar kwana ana hango babban titin ta taga, a nan ya kamata ya fara zaɓen wanda zai shiga bayansa. Na ce bayansa, domin mafi yawan masu koyo gaban mota suke nema, alhali gurbin da ya fi aminci shi ne wanda ke buɗewa da zarar babbar mota ta wuce. Da ya ga danfo ta toshe fili, sai ya tsaya nesa da ita, ya bar wa kansa tsawon motoci uku ko huɗu da zai taso a ciki, ya bar tirela ta wuce, ya duba abin da ke bayanta, ya waiga ta kafaɗa, sannan ya taka totur da gaske a giya ta biyu har mota ta ɗauka kafin ya canza. Abin da zai rasa bai wuce sakan goma ba. Tazarar sakan biyu da ake koyarwa, wadda ake ninkawa in ana ruwa, ta motocin da ke tafiya da gudu ɗaya ce. Wanda zai taso daga tsaye da lodi a bayansa, sai ya nemi ninkin-ba-ninkin wannan.

A zaman sulhu, da shugabannin 'yan gwari suka jagoranta bayan 'yan sanda sun ɗauki bayani kuma ɓangarorin sun nemi a bar su su sasanta, hujjar Alhaji ɗaya ce: wanda ya daki wani ta baya shi ke da laifi. Magana ce da ta yaɗu har ta zama kamar doka a bakin direbobi, kuma tana da gaskiya in motoci biyun dama a layi ɗaya suke. Amma ƙa'idar shiga babban titi a bayyane take, mai shigowa shi ke ba da hanya ga wanda ya tarar a kai. Ba za ka faɗa gaban mutum a tazarar da ba zai iya tsayawa ba sannan ka ce ta baya ya dake ka.

Duk da haka ba a wanke dattijon tas ba, kuma shi da kansa ya fara faɗin nasa. Iyakar gudun tirela da tanka a babban titi a ƙa'idar hanya ta ƙasa kilomita 60 ne, amma wannan iyaka ce, ba umarni ba ne a kai ta, balle ana ruwa, ga mahaɗa, ga danfo a tsaye. Ya ce: "Da na sauke ƙafa tun da na hango danfon nan, ko na koma layin tsakiya, da ba mu zauna a nan ba." Na daɗe ban ga direba ya faɗi irin wannan ba tare da an matsa masa ba, kuma furucin nasa ne ya sanyaya zaman.

Alhaji ma an gaya masa nasa, cikin girmamawa. Shi ya sa a yi lodin da ya rufe gilasai ya kuma nauyaya motar. Tayoyin baya sun suɗe. Shi ya tura yaron da bai taɓa hawa babban titi da duhu ba, shi kaɗai da yaron mota, don kawai ya ga yana iya kutsawa a Ketu da rana. Mai danfo kuwa, wanda tsayuwarsa ce ta fara ɓata lissafin, ya ja motarsa tun kafin su sauko, ba wanda ya ko riƙe lambarta.

Maganar inshora ta taso ta mutu nan take. Takardar da ke cikin bas a bakin titi aka saye ta, da aka duba lambar motar a intanet babu ita a rajista. Ko da ta gaskiya ce, irin wadda ake yawan yi ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba gyaran motarka ba.  Amma da aƙalla ta ɗauke wa Alhaji wani abu.

Aka yanke cewa Alhaji zai gyara motarsa ya kuma ɗauki jinyar yaron mota, mai tirela zai gyara bambarsa da fitilarsa ya kuma taimaka da wani abu a kuɗin asibiti. Wasu sun so a riƙa cire kuɗin tumatir daga albashin direban har ya biya. Ban goyi bayan haka ba, na kuma faɗa a wurin: wanda ba a koya masa abu ba, ba a ɗora masa asararsa duka. Aka tsaya a kan zai ɗauki wani kaso kaɗan, ba za a kore shi ba, amma ba zai sake hawa babban titi ba sai tsohon direba ya zauna gefensa ya gamsu.

Bayan dattijon ya sauke kaya a Apapa ya dawo dubiya. Da ya fito daga wurin mai jinya ya kama hannun matashin ya kai shi inda ya ajiye mota, ya ce ya hau ya zauna a kujerar direba. Ya sa yaronsa ya tsaya daidai tayar gaba ta dama. Ya ce: "Kana ganinsa?" Matashin ya leƙa gilashi, ya leƙa madubi, ya miƙe tsaye a kan kujera, ya ce ba ya gani. Aka sa yaron ya dawo gaban bamba ya ɗan duƙa, nan ma ya ɓace. Sai da ya yi taku da dama gaba kafin hularsa ta fito. Dattijon ya ce masa ko a cunkoso, in ya sako hancin bas a nan wurin, to ya sani babu wanda ya gan shi, kuma in shi ba ya ganin fuskar direba a madubin tirela, direban ma ba ya ganinsa. Matashin ya daɗe a zaune a sama bai ce komai ba. Daga baya ya gaya mini sau da yawa a kan babur ya sha laɓewa a daidai wurin nan yana jiran danja ta saki.

Koyon ya gudana ne a safiyoyin Lahadi, a kwanar da abin ya faru, da wata motar ta Alhaji, farko ba kaya, daga baya da rabin lodi. Tsohon direban da ya zauna da shi ya ce abin da ya fi wuya ba duba madubi ba ne, taka totur ne. Da ya ga babban titi sai ƙafarsa ta koma birki da kanta. Sai ya sa shi yana faɗin abin da ya zaɓa da baki tun suna cikin kwana, "bayan farar motar can zan shiga", don kada ya iso bakin fita bai yanke shawara ba. Ya kuma ɗora masa al'adar tsayawa a ƙofar kasuwa ya daidaita madubi biyun kafin ya hau kwalta, da hana motar tashi sai yaron mota ya ɗaura bel. An kuma ba Alhaji shawarar ya tura shi LASDRI, cibiyar da jihar ke horar da masu sana'ar tuƙi.

Yaron mota ya warke ya koma aiki, sai dai har yanzu ba ya ɗaga cikakken buhu. Direban yana kai kaya Obalende da asuba shi kaɗai. Danfo ba su daina tsayawa a bakin kwanar ba, don haka yanzu tun daga nesa yake lissafa cewa ba zai samu filin ba. Abin da ba a gama daidaitawa ba shi ne lodi. Direban ya ce a riƙa barin gilashin baya na hagu a buɗe, wanda ke nufin rage kwanduna da dama a kowane sawu. Alhaji ya yarda da haka a ranakun da kaya ke da sauƙi, amma in kasuwa ta buɗe kuma mai ya yi tsada sai ya ce a cika. Shugabannin 'yan gwari sun ce za su sake zama da shi a kan wannan.